Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ajiyar Ruwan Sha Ma Jari Ce

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi ba ya rasa lissafin abin da ke cikin sitonsa. Ya san buhunan da suka rage, ya san bashin da yake bin mutane da wanda ake bin sa, ya kuma san adadin man da ke cikin janaretansa. Amma idan aka tambaye shi ko lita nawa ta ruwan sha mai tsabta yake da ita a gida da wurin sana'a, wadda za ta riƙe iyalinsa da yaran shagonsa in an wayi gari babu famfo kuma babu 'yan ga-ruwa, sai ka ga ya yi murmushi kamar an tambaye shi abin wasa. Ra'ayina a wannan sharhi shi ne wannan tambaya ta cancanci matsayi a littafin lissafin kowane mai harka, domin tanadin ruwan sha da sanin yadda ake tsabtace shi inshora ce mafi araha da ɗan kasuwa zai iya saya wa kansa a ƙasar nan.

Bari mu fara da abin da ya faru a Maiduguri. A ranar 10 ga watan Satumba na shekarar 2024, jama'ar birnin suka wayi gari cikin ruwa bayan da madatsar Alau ta ɓalle. Ruwan ya mamaye unguwanni masu yawa, ya shiga Kasuwar Monday, wadda ita ce zuciyar cinikin birnin, ya kuma shiga asibitin koyarwa na jami'a. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Abin lura ga mai nazari shi ne cewa a kwanakin da suka biyo baya, mutanen da ruwa ya kai musu har ƙirji ba su da wanda za su sha, saboda ambaliyar ta haɗa rijiyoyi da masai da magudanai wuri guda, kuma ita madatsar da ta ɓalle daga gare ta birnin yake samun wani babban kaso na ruwan famfonsa. Kafin a cika wata guda, a farkon Oktoba, gwamnatin jihar Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar kwalara. Shekaru talatin kafin haka, a 1994, birnin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya, amma tsawon lokaci ya sa an manta.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wani abin mamaki game da ruwa. Adam Smith, a littafinsa da ya fito a 1776, ya yi nuni da cewa babu abin da ya kai ruwa amfani, amma da ƙyar ake iya sayen wani abu da shi, alhali lu'ulu'u da ba ya kashe ƙishi yana da tsadar gaske. Dalilin da aka gano daga baya shi ne farashi yana bin ƙarancin abu ne a lokacin da ake buƙatarsa. Muddin ruwa yana wadace, bokiti guda ba ya da wata daraja. Ranar da ya yanke kuwa, lissafi yakan juye gaba ɗaya, saboda buƙatar ruwa ba ta raguwa don farashi ya hau. Idan shinkafa ta yi tsada magidanci zai koma ga masara ko garin rogo, idan atamfa ta yi tsada zai jira bayan salla. Ruwa ba shi da madadi, kuma ba a iya jinkirta shansa fiye da 'yan kwanaki. Don haka wanda bai ajiye ba, dole ya saya a duk farashin da aka yanka masa, ko ya sha wanda ya samu ya ɗauki cuta.

Kada mai karatu da ke Legas ko Ibadan ko Anacha ko Fatakwal ya ɗauka cewa wannan labarin mutanen Borno ne kawai. Hanyoyin da ruwan sha ke yankewa a Nijeriya guda uku ne, kuma babu wadda ta bar kudu.

Ta farko ita ce ambaliya. A 2012, bayan ruwan sama mai yawa da kuma sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, kogunan Binuwai da Kwara sun cika sun batse. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan biyu suka rasa matsuguni. A 2022 abin ya sake dawowa, inda aka rasa rayuka fiye da 600 kuma jihohi irin su Kogi da Anambra da Bayelsa suka sha wuya ƙwarai. Fatakenmu ba su manta da yadda ruwa ya yanke hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe ba, inda tireloli da tankokin mai suka yi jerin gwano na kwanaki, direbobi da yaran mota da masu rakiyar shanu suna zaune a bakin titi. A ƙarshen watan Mayu na 2025 kuma ambaliyar Mokwa ta jihar Neja ta hallaka fiye da mutum 150, ta lalata hanyar da kayan arewa ke bi zuwa Ilori da Ibadan da Legas.

Ta biyu ita ce rashin wuta da tsadar mai. Yawancin ruwan da ake sha a biranenmu daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, kuma burtsatse ba ta ba da ruwa sai an tayar da inji. Masu kamfanonin ruwan leda su ma da wuta suke aiki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin tayar da ruwa ya zama nauyi na gaske, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 jihohin arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Duk wanda ya zauna a can a lokacin ya ga yadda kurar ruwa ta yi wuyar samu. Ma'ana dai, ana iya shiga ƙishirwa ba tare da an ga ko ɗigon ambaliya ba.

Ta uku ita ce annoba, wato ruwa yana nan amma ba a amince da shi ba. Manyanmu suna tuna kwalarar 1991 wadda ta kashe fiye da mutum dubu bakwai a ƙasar nan. A 2021 cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa mutum fiye da dubu ɗari da ake zaton sun kamu, kimanin 3,600 kuma suka riga mu gidan gaskiya. A watan Yuni na 2024 cutar ta ɓulla a Legas, har jami'an lafiya na jihar suka ce wasu daga cikin waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha wani kunun aya da ba shi da rajista. Wannan magana ta shafi 'yan'uwanmu kai tsaye, domin da zarar irin wannan labari ya fita, mai kunun aya da mai zoɓo da mai fura da mai shayi duk ciniki yakan ja baya gare su, har da wanda ruwansa tas yake.

Asarar da ƙarancin ruwa ke jawo wa ɗan kasuwa ta wuce kuɗin jarka. Idan amai da gudawa suka kama yaron shago, an rasa hannu guda na kwanaki, ga kuɗin asibiti da ƙarin ruwa. Idan suka kama maigidan da kansa, sau da yawa shagon ne ake rufewa, domin yawancin harkokinmu a kan mutum ɗaya suke tsaye. Mai gidan abinci da mai burodi da mahauci ba su iya buɗewa ko na yini guda babu ruwa. Mai otal kuwa, idan baƙo ɗaya ya kwanta ciwo ta dalilin ruwansa, sunan da ya yi shekaru yana ginawa ne zai zube. Idan aka ɗora waɗannan a sikeli guda, aka ɗora kuɗin jarkoki da kwalbar maganin ruwa a ɗaya sikelin, ba sai an je jami'a ba kafin a ga inda riba take.

To, nawa ya kamata a ajiye? Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da ita a sansanonin gudun hijira ita ce lita 15 ga kowane mutum a rana, domin sha da girki da tsabtar jiki. Daga ciki, abin da jiki ke buƙata na sha kawai bai gaza lita biyu da rabi zuwa uku ba, kuma yakan ƙaru ga mai aikin ƙarfi da mai shayarwa da kuma lokacin zafi. Alal misali, gidan da ke da mutum goma, idan aka ware wa kowa lita huɗu a rana domin sha da girki, zai buƙaci lita 280 a mako, wato jarkoki goma sha biyu masu cin lita 25. Wanda ba shi da wurin ajiye wannan adadi, ya fara da na kwana uku, jarka biyar ke nan. Haka nan mai sito ko gareji ya ƙirga ma'aikatansa da masu gadi, mai tirela kuma ya tabbata akwai jarka biyu ta ruwan sha a motarsa daban da ruwan lagireto, kafin ta kama hanyar kudu da damina.

Game da mazubi, akwai kurakuran da aka saba yi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi ba ta sake zama ta ruwan sha, ko sau nawa aka wanke ta, domin roba tana riƙe dafin. Jarkar mangyaɗa tana yi, idan an wanke ta sosai da sabulu aka ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa bilic. Mazubi mai ƙaramin baki da murfi ya fi duro ko randa mai buɗaɗɗen baki, saboda sau da yawa ruwa yakan iso gida da tsabtarsa, sai hannu da moɗa su gurɓata shi. Inda randa ce kawai ake da ita, a rufe ta, a keɓe mata moɗa mai dogon hannu da ba a sha da ita. A ajiye jarkokin a inuwa, nesa da janareta da man fetur, kuma a ɗora su a kan wani abu mai tudu, domin ajiyar da ambaliya ta fara cinyewa ba ta da amfani. A rubuta ranar da aka cika kowace jarka a jikinta, a riƙa juye ruwan ana sabuntawa aƙalla duk wata shida, kamar dai yadda mai kanti ke fara sayar da tsohuwar haja kafin sabuwa. Tankin da ke bisa rufi shi ma yana son wanki lokaci zuwa lokaci, da murfi mai kama baki.

Wasu za su ce ai buhunan ruwan leda sun wadatar. Buhu guda mai ƙulli ashirin lita goma ne kacal, wato bai kai rabin jarka ba, kuma ruwan leda ba ya jure doguwar ajiya, musamman idan rana tana dukansa. Yana da amfani a matsayin ƙari, da sharaɗin a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da zai lalace. Sai dai a tuna cewa ranar da wuta ta ɗauke ko hanya ta yanke, ruwan leda ne farkon abin da ke ɓacewa daga kasuwa.

Duk yawan ajiya tana ƙarewa, saboda haka sanin yadda ake tsabtace ruwa ya fi ajiyar kanta muhimmanci. Mataki na farko shi ne a raba ruwa da laka. A bar shi ya kwanta, ko a jefa ɗan alif, ko a zuba garin ƙwayar zogale kamar yadda ake yi a karkara, sa'an nan a tsiyaye na sama a tace da ƙyalle mai tsabta. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin alif yana sa ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da ke ɗauke da kwalara ko taifot yana iya zama fari tas a ido. Dole sai an bi da mataki na biyu.

Hanya mafi tabbas ita ce tafasawa. Idan ruwa ya tafasa sosai yana ɓulɓula, a bar shi minti ɗaya a haka, sa'an nan a sauke a bar shi ya huce a rufe. Illar tafasawa ita ce tsadar gas da gawayi, ga shi kuma itace yakan jiƙe lokacin ambaliya. Don haka hanya mafi sauƙi ga aljihu ita ce sinadarin kilorin. Ana sayar da shi da sunan WaterGuard, akwai kuma ƙwayoyin Aquatabs, kowanne da bayanin awonsa a jiki, kuma wajibi ne a bi awon yadda aka rubuta. Idan babu su, bilic na wanki wanda ba a sa masa turare ko sabulu ba yana yi: rabin ƙaramin cokalin shayi ga jarka mai lita 20 zuwa 25, a girgiza, a jira minti talatin kafin a sha. Idan ruwan bai yi garau ba, a ninka awon. Ɗan warin kilorin da za a ji alama ce ta cewa maganin ya yi aiki, kuma shi ne ke ci gaba da kare ruwan a cikin jarka. A lura cewa ƙarfin bilic yana raguwa idan ya daɗe, don haka shi ma a riƙa sabunta shi. Akwai kuma hanyar da ba ta cin ko kwabo: a cika gorar roba fara mai haske, wadda ba ta wuce lita biyu ba, da ruwan da aka tace, a kwantar da ita a kan kwanon rufi cikin rana mai ƙarfi na awa shida, ko kwana biyu idan akwai hadari.

Wajibi ne a faɗi iyakar waɗannan hanyoyi. Tafasawa da kilorin suna kashe ƙwayoyin cuta ne, ba su cire fetur ko gubar masana'antu. Mazauna yankin Neja Dalta sun san wannan, domin rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 game da ƙasar Ogoni ya gano rijiyoyi a Nisisioken Ogale masu ɗauke da sinadarin benzin har ninki 900 na abin da hukumar lafiya ta duniya ta yarda da shi. Ruwan da ke warin mai, ko mai ƙyalli a samansa, a bar shi kawai. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuma ba a sha daga gare ta sai an kwashe ruwan an zuba mata magani. Sa'an nan ya kamata kowane gida da shago su ajiye ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Idan babu, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa bai wa mai gudawa yayin da ake hanzarin kai shi asibiti, domin kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i.

Na san akwai masu cewa samar da ruwa aikin gwamnati ne, kuma muna biyan haraji. Gaskiya ne, kuma bai kamata 'yan kasuwa su daina matsa wa hukumomin ruwa na jihohi lamba ba, haka nan batun gyaran madatsu da yashe magudanai. Amma ko a ƙasashen da famfo ba ya yankewa, hukumomi suna shawartar jama'a su ajiye ruwan kwana uku, saboda agaji ba ya isa ga kowa a ranar farko. Mu da muke sayen janareta ba tare da mun yafe wa kamfanin wuta hakkinmu ba, babu dalilin da zai sa mu ga tanadin ruwa a matsayin sallama wa gwamnati. Akwai kuma masu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne, amma mai wannan magana da kansa yakan sa wa shagonsa kwaɗo biyu kafin ya tafi gida.

Inda aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, nan ne ƙungiyoyin kasuwa ya kamata su shigo. A Mile 12 da Agege, a Sabo ta Ibadan, a kasuwar shanu ta Lokpanta da sauran zangonnin Hausawa, akwai shugabanni da sarakunan Hausawa da ke karɓar kuɗin ƙungiya ana yin hidimomi da su. Ware wani kaso domin sayen babban tanki, da ajiye kilorin, da koya wa masu abinci da masu shayi awon maganin ruwa, ba zai gagara ba. A irin waɗannan wurare mutane suna kwana da yawa a ɗaki guda, banɗakuna sun yi kaɗan, rijiya kuma takan kasance kusa da masai alhali ƙa'ida ita ce a bar tazarar mita talatin tsakaninsu. Cuta idan ta shiga ba ta tsayawa a rumfa ɗaya, kuma hukuma ba ta jinkirin rufe kasuwar da aka ce annoba ta fito daga cikinta. Kowace shekara, tun kafin damina, hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA suna fitar da hasashen ruwan sama da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke barazana gare su. Ya dace sakataren kowace ƙungiya ya nemi wannan bayani ya karanta wa mambobi, a mai da ranar fitarsa ranar duba tankuna da sabunta jarkoki.

Ga masu neman inda za su sa jari kuma, akwai kasuwa a nan: tankuna, jarkoki masu famfo, maganin ruwa, da injin burtsatse mai aiki da hasken rana, wanda ba ruwansa da ɗaukewar wuta ko layin gidan mai. Riba ce ta halal, muddin an neme ta kafin masifa ta sauka. Wanda ya ɓoye ruwa ya jira ranar da maƙwabtansa suka rasa domin ya ninka farashi, zai sami kuɗin mako guda, amma unguwa ba ta mantuwa, kuma da mutanen unguwar zai ci gaba da ciniki bayan ruwa ya janye.

Shawarata ga mai karatu ita ce kada ya jira taron ƙungiya. A wannan makon ya ƙirga mutanen da ke ƙarƙashinsa a gida da shago, ya ninka da lita huɗu, ya sake ninkawa da kwana uku, ya cika jarkokin da lissafin ya ba shi, ya sayi kwalbar maganin ruwa guda ya nuna wa uwargida da babban yaron shago yadda ake auna shi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kare mu daga ambaliya da annoba, ya sa albarka a kasuwancinmu.